Mutum Huɗu da Faifai Ɗaya

A Briqueterie, unguwar teloli da masu tsire a Yawunde, ba wanda ke barin tela ya sa wa shadda almakashi bai auna ba. Amma wanda ya tsare telansa awa guda, shi ne zai sayo laftof ta hannu a Avenue Kennedy, a tambaye shi yadda za a raba faifan ajiyarta kafin a sa Windows, ya ce a yi duk yadda aka ga dama. A wannan rabo halin kowa ke fita.

Akwai Malam Ba-ruwana, mai zuba komai a C: rasitan kanti, hotunan suna, tafsirin azumi. Batirin laftof ɗinsa ya mutu tuntuni, don haka ranar da aka ɗauke wuta ana tsakiyar sabunta Windows, mai gyara ya ce sai an goge, a nan yake tuna bidiyon auren 'yarsa na ciki. Kishiyarsa Alhaji Mai-tsantseni ne. Tsohon tsarin MBR ya tsaya a manyan sassa huɗu, GPT kuwa ya yarda da 128, shi kuma ya ɗauka umarni ne. Haruffansa sun kai K, sashen finafinan Kannywood ya cika fal, na takardu ba ko wasiƙa. Sai marowaci: Windows 11 na neman giga 64, ya ba ta 40. Shi ne kuma ke rantsuwa an cuce shi don faifan 256 ya nuna 238, alhali kamfani da dubu yake lissafi, Windows da 1024. Na ƙarshe ɗalibin jami'ar Ngoa-Ekellé ne, mai son Ubuntu da Windows a na'ura ɗaya. Ya hango ɗan sashen EFI mai mega 100, ya ce wannan ba aikin da yake yi, ya share. Daga nan ba wadda ta ƙara tashi cikin biyun.

Duk huɗun sun raba faifai gwargwadon halinsu, ba gwargwadon aikinsu ba. Ga yawancin mutane sassa biyu sun wadatar: C mai kamar giga 100 ga Windows da manhajojinta, D kuma sauran ga kayan mai laftof, ƙananan sassan da na'ura ta yanka wa kanta a ƙyale su. Wani zai ce a zamanin SSD rabo ba ya ƙara sauri. Gaskiya ne, amma ba sauri ake nema ba, so ake a iya goge C a bar D lafiya. Wani kuma zai ce in faifan ya mutu ko an sace laftof, C da D tare za su tafi. Wannan ma gaskiya ne, shi ya sa kafin a taɓa komai sai a kwafe abin da ba a son rasawa a wani faifai na waje, a ajiye shi a gida, ba a jakar laftof ɗin ba.