Ƙasar da Ake Cin Tarar Wanda Ya Biya Haraji

Bronx, Amurka

Zuwa ga bawana Sabo,

Bayan gaisuwa irin wadda ubangida ke yi wa yaronsa, ina fata kana lafiya, da iyali da su Inna. Mu nan ƙalau, sai sanyi. Maganar fili na ji, ta bikin Hadiza ma na ji, Allah ya sanya alheri; ta rufin ɗakin Baba kuwa mun gama da Yaya. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne fatawar da ka bayar, wai tunda ina da asusun ritaya a nan, in ɗebo in aiko maka jari, harajin kuma in biya ƙarshen shekara "kamar kowa". Daga jin wannan magana an san ba ka taɓa haɗa hanya da IRS ba, wato hukumar harajin Amurka. Gyara zama in karantar da kai.

A ƙasar nan, ranar da kuɗi ya shigo hannunka ranar hukuma ta fara binka bashi. Tun 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, majalisa ta yi dokar zaftare haraji daga albashi kafin ya iso aljihu. Wanda kuɗinsa bai biyo ta hannun mai biyan albashi ba kuwa, irin ɗan tasi mai zaman kansa ko tsohon da ke cira daga asusun ritaya, sai aka ɗora masa aikin duba: ya kintaci abin da zai samu a shekara, ya lissafa harajinsa, ya biya sau huɗu. Ranakun su ne 15 ga Afrilu, 15 ga Yuni, 15 ga Satumba, da 15 ga Janairun shekara mai zuwa. Ƙirga da yatsu, don na san ba ku jituwa da lissafi: biyan farko na wata uku ne, na biyu na wata biyu, na uku na wata uku, na huɗu na wata huɗu. Mutanen da suka kai ɗan Adam duniyar wata ne suka raba goma sha biyu gida huɗu, suka samu uku, biyu, uku, huɗu, kuma kowanne suna kiransa rubu'in shekara, ko murmushi ba sa yi.

Asusun da ka sa wa ido, ko 401(k) na wurin aiki ne ko IRA na ƙashin kai, kuɗin cikinsa ba a taɓa biya musu haraji ba, jinkiri kawai aka yi, hukuma na zaune a bakin ƙofa tana jira. In ka cira kafin ka kai shekara 59 da rabi, akwai tarar kashi 10 cikin ɗari bayan harajin. Wannan rabin ba ya wahalar da irinmu, tunda rabin dangi 1 ga Janairu aka rubuta musu a fasfo, ka ga ranar 1 ga Yuli za mu tsufa gaba ɗaya. In ka kai 73 ba ka fara cira ba, a ci ka tarar kashi 25 na abin da ya kamata ka cira. Mai gaggawa ya sha, mai nawa ya sha, wanda ya zo kan lokaci kuma an tanadar masa tasa. Ɗauki misalin dattijon da ya ciri dala 40,000 a Fabrairu, ba a zaftare komai ba, bai kuma tura komai ba duk shekara, harajinsa ya kama dala 8,800. Afrilun shekara mai zuwa ya biya cif, ko sisi bai rage ba. Duk da haka ana iya aiko masa da takardar tarar wajen dala 400, laifinsa shi ne bai yi duba daidai ba.

Na san za ka ce zalunci ne, ai ko zakka sai shekara ta zagayo. To, a yi musu adalci. Tarar nan kuɗin ruwa ce aka sa mata babbar riga. Duk wata uku ake sake duba ta; a 2024 kashi 8 ce a shekara, a 2025 ta sauko 7. Hujjarsu ita ce, leburan da ake zaftare wa tun Janairu bai ci laifin kowa ba, don me mai asusu zai riƙe kuɗin hukuma wata goma sha huɗu yana juyawa? Sun kuma bar ƙofofin tsira. In abin da ya rage a kanka bai kai dala 1,000 ba, ka tsira. In ka biya kashi 90 na harajin bana a kan lokaci, ko daidai da harajin bara gaba ɗaya, ka tsira, sai dai in samunka na bara ya haura dala 150,000, sai a ce kashi 110. Wannan ƙofar ba ta shafe ni ba, balle kai. Wanda kuɗinsa ya shigo a ƙarshen shekara yana iya cike fom mai lamba 2210, ya bi shekarar gaɓa-gaɓa ya nuna cewa a Afrilu ba shi da ko anini. Manoma da masunta kuwa an yarda su biya sau ɗaya, 15 ga Janairu. Ka ga da gonar nan taka mai ƙaiƙayi a Amurka take, da kai ma mai alfarma ne.

Inda hujjar tasu ta yi tuntuɓe shi ne nan. Duk harajin da aka zaftare tun daga tushe, doka na ɗaukarsa kamar an biya shi daidai wa daida a wa'adin nan huɗu, ko da a makon ƙarshe na Disamba aka zaftare. Tsofaffi biyu, bashi ɗaya, rana ɗaya. Na farko ya tura kuɗin da hannunsa, aka ce ya makara tun Afrilu. Na biyu ya ce wa kamfanin da ke riƙe masa asusu ya cire ya tura, aka ce madalla, ai wannan tun Afrilu yake biya. Kuɗin rana ɗaya suka isa baitulmali. Da jinkiri ne ke damun hukuma, da duka biyun ta kama. Abin da ke damunta shi ne hannun da kuɗin ya biyo: ta yarda da kamfani, ba ta yarda da mutum ba.

Yanzu za ka ce shi ke nan, in bi ta hannun kamfanin in aiko maka saura. Wane saura? In daga 401(k) ne, yawanci kashi 20 suke riƙewa dole. In daga IRA ne, kashi 10 suke riƙewa in ba ka ce komai ba, kuma sau da yawa ba ya isa. Kuɗin da aka cire don biyan harajin, su ma cirewa ce, sai an biya musu nasu harajin. Jihar New York na gefe da nata ƙoƙon, birnin ma da nasa. Kafin jarinka ya iso Kantin Kwari, sai dai ka buɗe teburin goro.

Kada ka yi mamakin yadda na haddace wannan karatu har da lambar fom. A nan tsoho ba ya jingina da ɗa ko ƙane, da wannan asusu yake jingina, shi ya sa ake tsaronsa kamar ƙwai. Ba mai leƙo ka da safe ya ce "Baba, gobe fa 15 ga wata". In ka manta, wadda za ta tuna da kai ita ce hukuma, kuma a duk masu aiko wasiƙa ita kaɗai ce ba ta taɓa ɓata adireshi. Ku da kuke da mai tuna muku komai, har da abin da ba ku so a tuna, ku gode Allah.

Saboda haka ga hukuncin ubangidanka: asusu ba za a taɓa shi ba sai ranar 1 ga Yulin da na faɗa maka ta zo. Kuɗin shararka kuwa suna nan tafe a Disamba ta hannun Yaya, kuma tunda ta hannun wani za su biyo, a dokar Amurka na biya ka tun ranar cika-ciki. Kada in ji ƙorafi. Ka gaida Inna, ka ce mata ina cin abinci.

Ubangidanka har kullum,
Garba