Mutanen Makullin Otal

Guntun katako ko tagullar da ake rataya wa makullin otal ba ado ba ne. An yi shi ne don ya dami aljihu, baƙo ya gaji ya miƙa wa mai karɓar baƙi kafin ya fita. Dabarar tana cin kowa, ban da mai babbar riga. Aljihunsa na ɗauke da carbi, goro, waya biyu da makullin ɗaki 12, bai ji nauyin komai ba. Sai ya isa Gusau daga Kaduna, ya sa hannu zai ɗauko goro, ya ji katako. Ya buga waya cikin ladabi: "Ku yi haƙuri, gobe zan ba direba ya kawo." Makullin na durowarsa har yau, otal kuwa ya kira kafinta.

A 1975 wani ɗan ƙasar Norwe, Tor Sørnes, ya ƙirƙiro katin roba mai huji-huji da za a iya sauya wa kowane sabon baƙo, don wanda ya tafi da tsohon ya tafi da roba kawai. Daga baya aka samu mai layin maganaɗisu, sannan wanda ake karawa a jikin ƙofa. Katin kuma ya haifo nasa mutanen.

Akwai mai kokawa da ƙofa. Ya zura katin a juye, ya fizge, jar fitila ta haska, ya sa kafaɗa. Ya sauko yana huci: "Katinku ba ya aiki!" A duba kwamfuta, a ga kwanansa ya ƙare tun sha biyun rana, ko kuma ƙofar hawa na uku yake ta bugu alhali ɗakinsa na hawa na huɗu. In an ƙure shi sai ya ce ai ɗauke wuta aka yi. Ƙofar da batir take aiki, wannan karon dai masu wuta ba su da laifi.

Maƙwabcinsa mutum ne mai tsari, shi ne ma ya fi ba ni tsoro. Ya lura ba a rubuta lambar ɗaki a katin ba, ya ɗauka sakaci ne, ya zaro biro ya gyara musu. Da gangan aka bar wurin fili. Yanzu in katin ya faɗi a wurin cin abinci, ɓarawo ya samu makulli haɗe da adireshi.

Sai injiniyan ɗaki. Ya gano cewa ramin nan na kusa da ƙofa, wanda sai an zura kati wuta ke kawowa, a otal da yawa bai damu da wane kati ba ne. Ya ninke katin gayyatar ɗaurin aure ya cusa, ya fice tun hantsi, na'urar sanyaya ɗaki na ta yi wa gado hidima har dare, manaja na lissafin kuɗin man janareta. Ranar da ya haɗu da ramin da ke tantance kati, sai ya ce otal ɗin ba su da mutunci.

Amma sai a Makka lokacin aikin Hajji ake ganin abin sosai. Alhazai huɗu a ɗaki, kati biyu, ɗaya ya ɓace tun daren farko. Wanda ya rage yana hannun dattijon da in ya shiga Harami da La'asar ba ya fitowa sai bayan Isha'i. Ukun na zaune a baranda sun jingina da bango, ba mai bakin yin ƙorafi, don wa zai ce wa mutum ya rage ibada? Washegari a yi shawara, a cim ma matsaya: a tokare ƙofa da silifa. Fasahar Turai gaba ɗaya ta tsaya a kan takalmin wanka ƙafa ɗaya.

A gida kuma akwai "ni ƙaninsa ne". Ya zo teburin mai karɓar baƙi yana neman katin ɗaki 204. A ce bari a kira mai ɗakin, ya haɗe rai: "Yaro, ka san ko ni wane ne?" Yaron bai sani ba, dalilin tambayar ke nan. Kunyar hana babba ita ce ke buɗe ƙofar da ɓarawo ya kasa.

Na ƙarshe shi ne mai cigiya. Kuɗinsa sun ɓace, kuma ya riga ya yanke hukunci: mai shara ce, tunda ita ke riƙe da masta, katin da ke buɗe kowane ɗaki a hawan. Ya tara jama'a, ya ambaci 'yan sanda. Bai san ƙofar na ajiye bayanin kowane katin da ya buɗe ta da lokacin ba. Manaja ya karanto: mai shara ta shiga ƙarfe goma, Alhaji na ciki yana shan shayi. Ƙarfe uku kuma aka buɗe da kati na biyu, wanda shi da kansa ya karɓa jiya ya ba abokinsa. Sai murya ta sauka: "To, a bar maganar, ai duk gida ne."