Gayyar Turawa a Bakin Kogin Marsi

Mancesta, Ingila
Watan Yuli

Zuwa ga Yayana abin girmamawa,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi da fatan alheri, da tambayar lafiyar Inna da iyali da jama'ar Chikaji baki ɗaya, tun daga liman har mai shayin bakin titi, amma ba'adu, ina da wani labari wanda na so in binne shi, sai na ga gara ka ji shi daga bakina kafin wani magulmaci ya kai maka shi da ƙari.

Ka tuna, Yaya, yadda kowace damina, in Baba, Allah ya jiƙansa, ya ce a ɗauki fartanya a nufi gonarmu ta hanyar Samaru, ciwon ciki kan kama ni nan take, ba ya kuwa sakina sai an dawo da la'asar. Ka kuma tuna alwashin da na sha ranar da kuka raka ni filin jirgin Kano, cewa ni da ciyawa har abada. To, ƙaddara ta riga fata: jiya Asabar, tun hantsi har azahar, ƙanenka mai digiri biyu yana duƙe a gaɓar kogin Marsi yana cirar ciyawa, ba ko sisin kwabo.

Sanadin wannan jarrabawa wata tsohuwa ce maƙwabciyata, wadda ta gayyace ni taron 'yan unguwa masu kula da lambun shaƙatawa. Ni kuwa da jin taro sai zuciyata ta raya mini walima, na zuba shaddar sallah har da hula zanna-bukar. Isata ke da wuya aka miƙo mini safar hannu, aka nuna mini abokiyar gaba: wata ciyawa da ta fi mutum tsayi, mai fure ruwan hoda, wadda suke kira balsam ɗin Himalaya. A shekarar 1839 aka shigo da ita ƙasar nan don ado, ta tsallake shingen lambu ta bi koguna. Tushe guda kan yi iri har 800, in kwanson ya nuna sai ya fashe ya harba su har nisan mita 7, inuwarta ta kashe tsirran asali, sa'an nan da hunturu ita ma ta mutu ta bar gaɓa tsirara ruwa yana zaizaya. Saboda haka ake tuge ta a Yuni da Yuli, kafin ta yi 'ya'ya, a karya karan daga gindi a tara.

Da shugaban aikin ya kai ga cewa baƙuwa ce da aka karɓa da karamci, ta miƙe ƙafa ta hayayyafa ta hana 'yan gida sakat, wallahi sai da na shafa aljihu na tabbata takardar izinin zamana tana nan. Na yi niyyar kafa masa hujja da dogon yaro, wanda shi ma daga Indiya ya zo mana, ga shi a inuwarsa ake ɗaurin aure a Sabon Gari, amma na ga shiru ya fi zama alheri ga baƙo.

Don in wanke kaina daga tuhuma sai na zage damtse, na share wani fili tas kamar mai shirin shuka gyaɗa, na tsaya ina jiran yabo. Tsohuwar nan ta zo ta tsaya, ta dafe ƙirji, idonta ya ciko, domin ashe rabin abin da na tuge furannin asali ne waɗanda da hannunta ta dasa bara. Na ba ta haƙuri, na bayyana mata cewa a mazhabar Baba, duk abin da ba dawa ba ne, ba gero ba, ba wake ba, hukuncinsa ɗaya ne. Bayan haka wata ciyawarsu daban mai harbi ta yi mini ƙisasi a ƙwauri.

Gayya ce fa sosai, sai dai ba makaɗi, ba kirari, ba ƙwaryar fura. Ladan mutum shayi rabin kofi da biskit biyu. Na ba su fatawa cewa awakin Chikaji goma sun isa su gama wannan yaƙi a mako guda, suka rubuta a littafi wai za su tattauna.

Amma a hanyar komawa na yi ta tunanin ciyawar kacala, wadda ta toshe hanyoyin ruwan Haɗeja da Nguru bayan gina madatsar Tiga a 1974, da kwatar ƙofar gidanmu wadda ciyawa da leda kan cushe kowace damina, muna zaune a kan benci muna jiran hukuma, alhali waɗannan tsofaffi ba wanda ya aiko musu duba-gari. In ka tara samarin layinmu kafin ruwan Agusta, kuɗin fura da na makaɗi a wuyana. Zuwa da kaina kam, ka san lalurar cikina.

Ina roƙonka don zumunci kada Inna ta ji, domin ta riga ta shaida wa mata cewa ɗanta a ofis yake.

Wassalam,
Ƙanenka mai biyayya.