Gizo da Birnin Ƙanƙara

Ga ta nan, ga ta nanku.

A bakin fadamar Itas, inda ruwan kogin Jama'are kan kwanta in damina ta yi nisa, namun daji suna da makarantarsu a gindin wata tsohuwar tsamiya. Tun da mutane suka buɗe jami'ar jiha a Gadau a 2011, wadda yau take ɗauke da sunan Sa'adu Zungur, dabbobi suka ce su ma ba za a bar su a baya ba. Dila, malamin daji, shi aka ba sashen kwamfuta.

Da shekarar ƙarshe ta zo, sai ya kira ɗalibai huɗu, Gizo da Gara da Hawainiya da Kurege. Ya ce, "Ga aikinku na kammalawa. Ku gina filin wasan waya na yara 'yan shekara 6 zuwa 9, wato inda yaro zai taka, abin da zai gani, da abin da zai tare masa hanya. Na ba ku mako 12. Gobe ina son tsari a takarda."

Gizo ya ce, "Mayam, ai an gama."

Ya kwana yana kallon wasannin Amurka da Japan. Da safe ya zo da takarda har tana jan ƙasa: birni mai benaye, ga dusar ƙanƙara, ga jirgi yana gudu a ƙarƙashin ƙasa, mataki hamsin cur. Ya naɗa kansa shugaba, ya raba wa saura aiki.

Gara ba ta cika magana ba. Ta dubi takardar ta ce, "A wace waya za a buɗe shi?"

Babu wanda ya sani. Kurege ya ruga cikin gari, ya laɓe a bayan shagon mai cajin waya har la'asar. Ya dawo ya ce, "Allah gafarta Malam, yaran nan ba su da waya. Ta inna ko ta yaya suke ara, kafin a kwashe tuwo an karɓe. Ƙananan Itel ne da Tecno, gilashi a tsage, ciki ya cika da hotuna, data kuwa sai an ga dama. Da yawansu ma ba su fara karanta Turanci ba."

Gizo ya ce wannan maganar ƙauyawa ce, shi duniya yake yi wa aiki. Malam Dila ba ya hana ɗalibi faɗawa rami in ya san ramin ba mai zurfi ba ne, sai ya ce kowa ya bi tsarinsa.

Su ukun suka zauna a kan rairayi, suka zana mataki ɗaya tak. Yaro ne zai kai wa kakarsa fura a gonar shinkafa kafin ruwa ya rufe hanya. Gara ta ɗauki Godot, manhajar da ake samu kyauta, ta jera 'yan akwatuna marasa launi: wannan kuka ce, wannan rumbu, wancan kwale-kwale. Hawainiya ta ƙagu ta zuba launi, har jikinta yana sauyawa don haushi. Gara ta ce, "Ba a yi wa ɗaki yaɓe kafin a ga ya tsaya."

A mako na uku suka ari waya suka miƙa wa 'ya'yan zomo da na zabuwa, suka koma gefe suka yi gum. Wannan shirun ya fi komai wuya, don bakin Kurege har ƙaiƙayi yake ya ce "bi dama!" Duk yaran suka bar hanyar da aka shirya musu suka nufi akwatin da ya fi tsawo, wato kukar. Gara ba ta ce yara sun yi kuskure ba, sai ta ɗauke kukar ta dasa ta a inda ake so su je. Da aka sake gwadawa bayan Hawainiya ta fara aiki, sai aka ga wani abu: ko ɗaya bai yarda ya taka inda ruwa ya yi duhu ba. Ɗan fadama ya san ruwa mai duhu zurfi gare shi. Daga nan aka share duk rubutun gargaɗi, aka bar launi ya yi magana. Kurege, da yake ya iya kawo hujja, ya ce haka matakin farko na Super Mario na 1985 yake koya wa yaro tsalle ba tare da an rubuta masa yadda ake yi ba.

Ana cikin haka sai ga tsohon Tsando ya sauka a kan allo. Ya ce, "Jikokina, a shekarun 1930 Turawa sun zauna a Gadau ɗin nan suna binciken kakannina, har suka gane muna fakewa a inuwar kurmin bakin ruwa in zafi ya tsananta. Ku sa ni a kurmin can, in zama abin gudu." Aka sa shi. Shi ne ma ya zama abin da yara suka fi so, suna jin ƙugin fiffikensa sai ihu.

Ranar gwaji ta zo. Wasan fadama ya shiga waya ba tare da data ba, daga wannan waya zuwa waccan, yara suna ƙwace wa juna.

Gizo kuwa ya zo da wayar matarsa Ƙoƙi da birninsa, rabi a gine rabi kango. Waya ta ce babu wuri. Ya waiga hagu ya waiga dama, ya goge hotunan bikin ƙanwarta duka. Wasan ya buɗe da ƙyar, yana tafiya yana tsayawa, waya ta ɗau zafi. Ɗan zomo ya ƙura wa dusar ƙanƙara ido ya ce, "Kawu Gizo, wa ya zubar da garin rogo haka?" Ya zagaya benaye bai ga inda za shi ba, kafin ya sami ƙofa caji ya ƙare.

Nan take Gizo ya matsa kusa da Gara ya ce, "Mayam, ai dama ni na ba su shawaya."

Malam Dila ya gyara tabarau ya ce, "Madalla. To ka dawo zango mai zuwa ka gina mini rumbu ɗaya, mai ƙofar da yaro zai gani."

Da ya isa gida ya tarar labarin hotuna ya riga shi, Ƙoƙi tana tsaye a bakin ƙofa da muciya. Ya yi tsalle ya maƙale a kusurwar rufin ɗaki, yana ta saƙa, wai zanen mataki na biyu yake yi.

Ƙurunƙus kan ɓera.