Ƙusar Da Ta Cece Ni Ta Tona Mini Asiri

Har yanzu gwiwata na zugi, amma gara in ba da labarin da bakina kafin 'yan layinmu su gama zuba masa gishiri.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 janareta ya gagari talaka. Duhun Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, shi ya ƙarasa shawo kan masu taurin kai irina. Yau a Maigatari ɗaga kai kawai za ka yi ka ga faifan sola a kan kwano: na mai cajin waya, na mai aski, na mai ƙanƙara da fiya-wata. Ni ma na ɗora huɗu, da batir biyu da inbata. Lafiya lau, sai da hunturu ya shigo. Ƙura ta lulluɓe gilashin, batir ya daina cika, ana idar da isha'i inbata za ta fara tsuwa. Mai haɗa sola ya ce wanki kawai suke so, zai turo yaronsa in ba shi na goro. Na ce wanki? Da hannuna da ƙafata?

Ya ce to ruwa zalla da tsumma mai laushi, da sassafe kafin gilashi ya ɗau zafi, kuma in riƙa taka layin ƙusa, don nan katako yake a ƙasa. Na aika yaro gidajen maƙwabta a ce mata su shiga ɗaki za a hau sama. Na ari tsani, na cika bokiti, na barbaɗa omo, tunda a gidanmu ba a kiran abu wanki sai an ga kumfa. Ranar Alhamis ce, ranar kasuwa, layinmu cike da masu wucewa kara.

Faifan farko ya fito tas. Na miƙa hannu zan jawo bokiti, gwiwata ta sauka kan kumfa.

Da kai na tafi. Rub da ciki, hannuwa a gaba, kwano na gudu a ƙarƙashina, bokiti ya riga ni sauka da ƙarar da ta fito da duk matan da aka ce su shiga ɗaki. Ina cikin salati na ji wani abu ya cafki wandona a ƙugu. Ƙusa ce da ta ɗan ɗago kai. Zariya ta ce ɗas. Ni na ci gaba da tafiya, wando ya ce shi nan zai tsaya. Na ji iskar hunturu a cinya, na ji ta a gwiwa, na ji ta a ƙwauri, sai a idon sawu wandon ya dunƙule ya riƙe ni. Ƙirjina ya wuce bakin kwano, kaina na lilo a kan titi, riga ta zazzago ta taru a wuya. Abin da ya rage yana kallon sama shi ne gajeren wando mai furanni ja da uwargida ta sayo mini, wanda na rantse ba mai ganinsa sai ranar wankan gawa.

Duniya a kife na ganta: raguna, 'yan acaɓa, da Baba mai goro a kan tabarmarsa, ko motsi bai yi ba.

"Malam," in ji shi, "kada ka faɗo."

"Baba, tsani!"

"Tsani ba zai yi ba. Ka dai riƙe da kyau."

Me zan riƙe? Iska?

Ya ɓare goro, ya tauna, ya nuna rufin da haɓa. "Ai tun ranar da aka ɗora su na faɗa. Gabas ya kamata su kalla, can rana take fitowa. Ba a jin maganar manya."

Abin da ya fi ba ni haushi da kaina, sai na ji bakina yana yi masa bayani, jini na taruwa mini a ka, cewa kudu ake fuskantar da su, don a ƙasarmu da hunturu rana ta kudu take karkata. Ya girgiza kai ya ce, "Ga shi nan ai ka karkata kudun." Sannan ya juya ya umarci jama'a kada kowa ya taɓa ni sai an kashe rana, wai ruwa da wuta ba sa haɗuwa.

Masu jiran waya a shagon caji kuwa duk sun karɓi kayansu. Sola ta cika musu batir fal, ba wanda wayarsa ta mutu a tsakiyar ɗaukata bidiyo.

A daidai nan na hango takalman da na sani. Surukina ne, ya shigo kasuwa ya ce bari ya biyo ya ga jikoki. Ya yi sallama. Mutumin da ban taɓa gaishe shi a tsaye ba, sai a durƙushe. Ya ɗaga kai, ya dubi furannin nan, ya sunkuyar da ido ƙasa, inda fuskata take.

"Sannu da aiki."

"Yawwa Baba. An zo lafiya? Ya mutan gida?"

Muka gaisa har ƙarshe, har da tambayar sanyi.

Yaron mai ƙanƙara ne ya jawo tsani ya zare ni daga cikin wandon. Da yamma yaron mai haɗa sola ya zo ya wanke sauran ukun, ya karɓi na goronsa da kuɗin gyaran kwanon da na lotsa. Na roƙe shi ya sauko mini da wandon, ya ce ba ya cikin ciniki. Yana can yana kaɗawa, ana hango shi tun daga bakin titi. Mai dogon gora a kusa ya taimaka.