Yadda Ake Haɗa Yaro da Tana Ba Tare da Gida Ya Yamutse Ba

Duk gidan da ke da yaro ɗan shekara uku zuwa bakwai, akwai wata rana da ke jiransa a damina. An ɗauke ruwa, ƙasa ta yi laushi, sai yaro ya shigo ɗaki da wani abu ja-ja yana mutsu-mutsu a tafin hannunsa, yana murmushi, ya ce, "Umma, ga tsaraba." Abin da uwa ta yi a wannan lokaci shi ne darasin kimiyya na farko da yaron zai ɗauka. Ga wasu shawarwari ga iyaye da malaman ƙananan azuzuwa, domin ranar ta same su a shirye, da littafi mai hotuna a hannu.

1. Uwa, ki haɗiye ihun

Yaro ba ya zuwa duniya da ƙyamar tana, a fuskar manya yake karanta ta. In kika yi tsalle kika haye gado kina salati, to kin rubuta masa littafi guda, kuma ya haddace shi nan take. Ki ja numfashi, ki ce, "Kai, ina ka samo wannan baƙuwa?" In hannunki ba zai iya ba, ki miƙo murfin kwano a ɗora ta.

Hankalinki ya kwanta: tana ba ta da haƙori, ba ta da dafi, ba ta harbi. Ba ita ce tsutsar ciki da ake ba yara magani dominta ba, ba kuma kurkunu ba ce. Abincinta ruɓaɓɓen ganye ne da ƙasa, ba ruwanta da ɗan Adam. Maigida, kai ma wannan shawara ta shafe ka. Cewa "ku fitar da abin nan" daga bayan ƙofa, ihu ne mai rawani.

2. A zaɓi littafin da hoto ya fi rubutu yawa

Yaro ƙarami da ido yake karatu. A nemi littafin da kowane shafi ke da babban hoto da jimla ɗaya ko biyu. Mafi amfani shi ne wanda ya yanka ƙasa ya nuna cikinta: saiwar shuka, ramuka, duwatsu, da tana a kwance a hanyarta. Wannan duniya ce da yaro ke takawa kullum bai taɓa leƙawa ba.

Ga mai waya, dandalin African Storybook na Afirka ta Kudu da StoryWeaver na Indiya suna da littattafan yara masu hotuna kyauta, har da na Hausa. In na Turanci aka samu, a bi hoton a ba da labarin da Hausa, yaro bai san an yi masa tafinta ba. Akwai *Diary of a Worm* na Doreen Cronin, wanda ya fito a Amurka a 2003, inda aka zana tanar sanye da jar hula. A yi shirin bayani, domin yaro zai duba tanar gidanku ya tambayi inda ta yar da tata hular. Su kuwa iyaye, in sun sami *Ikon Allah* na Abubakar Imam da R. M. East, su ɗan leƙa. Tun kafin 'yancin kai aka rubuta labarin halittu da Hausa mai daɗi.

3. Kada a yi gaggawar buɗe shafi

Babba yana son ya kai ƙarshen labari, yaro kuwa yana son ya zauna a shafi na biyu har magariba. A bar shi. A tambaye shi, "Me ka gani? Ina kanta, ina wutsiyarta?" Ya bi jikinta da yatsa, ya ƙirga zobban da ke jikinta har inda ƙidayarsa ta tsaya. In ya ce a sake daga farko, a sake. In ya ƙara cewa a sake, a sha ruwa a sake. Ta haka kalmomi ke zama a kansa.

4. A tanadi amsa kafin ruwan tambayoyi ya sauko

"Baba, ina idonta?" Ba ta da ido, amma fatarta na jin haske, shi ya sa take gudun rana.

"Ina hancinta?" Ba ta da hanci, ba ta da huhu. Ta fata take numfashi, kuma sai fatar na da danshi. In ta bushe, ta mutu. Daga nan yaro zai gane da kansa dalilin da ya sa ba a ajiye ta a aljihun wando.

"Da me take tauna?" Tana da ƙundu irin na kaza, inda 'yan ƙwayoyin yashi ke niƙa abin da ta haɗiye.

"Yaya take tafiya ba ƙafa?" Takan miƙe ta tsuke, ga kuma wasu 'yan gajerun gasu a jikinta da take dafa ƙasa da su. A ɗora ta a kan takarda, kowa ya yi shiru, za a iya jin ɗan ƙarar jan jikinta. Wannan gwaji yana da ƙarin fa'ida: gida zai sami minti guda na shiru.

"Mace ce ko namiji?" A nan ne iyaye kan tuna sun bar tukunya a wuta. A tsaya a amsa: kowace tana na ɗauke da halittar jinsi biyu, amma galibinsu sai biyu sun haɗu kafin a sami ƙwai. Wannan kauri mai kama da ɗamara da ke kusa da kanta, shi ke yin 'yar jakar da ƙwan ke kwana ciki. In yaro ya ce, "To a kira ta Ladi ko Ɗanladi?" a bar masa zaɓi.

5. A kashe maganar yanka ta biyu tun da wuri

Ko ba daɗe ko ba jima, wani yayansa a unguwa zai gaya masa cewa in aka raba tana biyu, biyu za ta zama. A riga shi. Ɓangaren kai yakan rayu wani lokaci ya sake tsiro da wutsiya, ɗayan kuwa yawanci mutuwa yake yi, sau da yawa ma duka biyun ne ke tafiya. Haka batun barbaɗa mata gishiri: gishirin na zuƙe ruwan jikinta ne, murɗe-murɗen da ake dariya a kai azaba ce. Addini da tarbiyyar gida duk sun hana cutar da halitta don wasa. Yaron da ya koyi tausayin abin da ba ya iya kuka, zai fi tausayin ƙaninsa da ke iyawa.

6. A ba shi labarin dattijon da ya sa aka yi wa tana kiɗa

Charles Darwin, masanin halittu na Ingila, ya shafe kusan shekara 40 yana nazarin tana, kuma littafinsa na ƙarshe na kimiyya, wanda ya fito a 1881, a kanta ya rubuta shi. Don ya gane ko tana na da ji, ya busa mata usur, ya yi mata ihu, ya sa aka busa mata wani abin busa mai kaurin murya, aka kaɗa mata piyano. Ko gezau. Amma da ya ɗora tukunyar ƙasar da take ciki a kan piyanon aka kaɗa, sai ta faɗa rami. Ashe kunne ne ba ta da shi, jijjigar ƙasa kuwa tana jinta sarai. Yara na son wannan labari, kuma za su so su gwada. A ɓoye murafan tukwane.

In an ga ido ya fara lumshewa, a sako labarin wata tana ta yankin Gippsland a Ostareliya, wadda wani lokaci kan kai mita 3. A auna tsawon da igiya a tsakar gida, yaro ya kwanta kusa da ita ya ga sau nawa ta fi shi. A ƙara masa da cewa akwai wata irin tana 'yar asalin Afirka ta Yamma da ake kiwo a ƙasashe da dama don ta mayar da shara taki.

7. A rufe littafi, a fita

Gani ya kori ji. Da sassafe bayan ruwan dare, a nufi gindin bishiya, ko bakin lambu, ko kusa da inda ake tara taki. A nuna masa 'yan tarin ƙasa masu murɗe-murɗe da ke bisa ƙasa: kashin tana ke nan, kuma taki ne mai kyau. Ramukanta ke ba ruwa da iska hanyar isa ga saiwa. Da haka zai haɗa tana da gero, ya haɗa gero da furar da yake sha.

Doka biyu ba a wasa da su. Babba ne ke ɗaga dutse ko itace, da sanda, domin kunama da shanshani ma sun san daɗin inuwa. Sannan a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci. Kaji kuwa a kora su nesa, don su tasu fahimtar darasin daban ce.

8. A yi mata masauki na mako guda

A yanke kan babbar gorar ruwa ta roba. A zuba baƙar ƙasa, a bi da yashi, a sake baƙar ƙasa, a rufe da busasshen ganye. A yayyafa ruwa kaɗan, a saka tana biyu ko uku, a lulluɓe da baƙin ƙyalle a ajiye a inuwa. Kullum a ɗaga ƙyallen a duba. Yaro zai ga ramuka a jikin gorar, ya ga yashi ya fara cakuɗa da ƙasa. Mako na cika a mayar da baƙi inda aka ɗauko su. Za a yi kuka, a rarrasa.

9. Ku rubuta naku littafin

Kwalin sabulu, farar takarda, allura da zare, da fensir mai launi sun isa. Yaro ya zana, babba ya rubuta abin da yaron ya faɗa ba tare da gyara ba. In ya zana wa tanar ɗankunne, a bar mata. A ajiye shafi ɗaya domin rani, lokacin da zai tambayi inda ta tafi. Amsar ita ce ta nutsa can cikin ƙasa mai sanyi, ta naɗe jikinta, tana jiran ruwa. Daga tana sai a wuce ga gara, da buzuzu, da kwaɗo, kowa da littafinsa.

Iyaye da malamai, kada ku jira sai an gina ɗakin gwaje-gwaje kafin yaranku su fara kimiyya. Marubuta da masu zane na Hausa kuma, ku yi mana littattafan da ke ɗauke da tanar gonakinmu da bishiyoyin unguwanninmu. Daminar bana, ku karanta wa yaro shafi ɗaya, ku kama hannunsa ku kai shi gindin bishiya.