Esin da Ya Fi Ni Jin Zafi

Da Afrilu ya kama, duwatsun Kazaure suka fara amayar da zafin rana har tsakar dare, sai na ce wahala ta ƙare. Na hau mota zuwa Kano, na dawo da esi na hannu, mai ƙarfin doki ɗaya da rabi. Ranar da aka kafa shi na kori tsohuwar fankata zuwa sito, ko sallama ban yi mata ba.

Rabin esin da ke waje shi ya ba ni tausayi. Ga rana, ga yara, ga masu dogon hannu. Na sa mai walda ya yi masa keji, na rufe shi ruf da kwano, na ɗora buhu a sama. Ko amarya ba ta samu wannan gata ba.

Muka kunna. Sanyi ya sauko, uwargida har da neman mayafi. Minti 10, sai ƙas! Ya ɗauke, ya koma hura mana iska mai ɗumi kamar numfashin sa. Bayan rabin awa ya farfaɗo, ya sake suma.

Nan masana suka fito. Surukina na Roni ya ce baki ne, don na cika nuna shi ga baƙi, ya ba ni turare. Abokina na Gwiwa ya ce wuta ce ba ta da ƙarfi, na sayi sitabilaiza. Wani mai gyara daga Babura, ko zagayawa bayan ɗaki bai yi ba, ya ce gas ne, ya ɗura, ya karɓi kuɗinsa har da na mota. Esi bai fasa suma ba.

Yaron maƙwabcinmu, ɗalibi a Kwalejin Hussaini Adamu, shi ya leƙa baya ya dawo yana danne dariya.

"Baba, wa ya yi masa wannan kabarin?"

Na ce, "Kai, gidansa ne."

"Baba, esi ba ya ƙirƙirar sanyi. Zafin ɗakinku yake kwasa ya zubar a waje. Kun toshe masa hanci, abin da ya fitar shi yake sake shaƙa. In kwamfiresa ta yi zafi, akwai ɗan makunni da ke kashe ta don kada ta ƙone. Ba lalacewa yake yi ba, ransa yake ceta."

Muka ɓalle kwano da keji. Ƙurar hunturun wanda ya sayar mini tana nan maƙale a haƙarƙarinsa kamar tabarma, a ƙasa kuma kazar uwargida ce kwance kan ƙwai 7, tana harararmu. Ashe tun tuni ita kaɗai ke cin moriyar esin.

Aka wanke shi tas. Sai yaron ya lura fankar waje da ƙyar take juyawa, kafasita ta gaji, sai an samo wata daga Kano.

"Kafin nan fa?"

"Sai dai ku sa masa fanka, Baba."

Haka na shiga sito, kaina a ƙasa, na ɗauko wadda na kora. Yanzu tana bayan ɗaki tana yi wa esi fifita. Uwargida ta ce tunda na cire keji, dole wani ya yi gadi. Ga ni nan kan tabarma, tsakanin kaza da fanka, ina jin minsharin iyalina daga ciki.